Ƙarfen da ke ɓoye shekarunsa: yadda masana ke kimanta tsohuwar libarba

Wata ranar Asabar da la'asar, sanyin Jos ya fara saukowa, muna zaune a ƙofar shagon wani dattijo mai gyaran agogo a Gangare, sai ɗan ƙanwata ya miƙo mini wayarsa. Yaron yana karatun injiniya a Jami'ar Jos, kuma ya kamu da ciwon leƙa kasuwannin gwanjon Amurka ta intanet, ba don yana da abin saye ba. Hotuna biyu ya nuna mini. Duka libarba ce, wato ƙaramar bindigar nan mai silinda da ke juyawa. Kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, har tsawon bututun ɗaya. Ta farko tana ɗaukar ido kamar sabon kwanon silba a jeren amarya. Ta biyu kuwa ta dushe, ga 'yan karce-karce a jikinta, an jingina ta da wani tsohon kwali da kusurwoyinsa suka cinye.

Ya ce, "Kawu, wacce ta fi tsada?"

Na nuna mai ƙyallin. Ya tuntsire da dariya, ya ce dusasshiyar nan ta yi mata nisa a kuɗi. Dattijon ya karɓi wayar, ya kai ta kusa da ido, ya ce, "Ai wannan an goge ta. Dubi rubutun jikinta, duk ya kwanta." Mutumin nan bai taɓa riƙe bindiga ba a rayuwarsa. Abin da ya sani shi ne, agogon da aka kai wa injin goge yakan dawo da haske, amma kaifin gefensa ya tafi ke nan.

Kafin in ci gaba, bari in share wata hanya, don a garin nan maganar bindiga ba abin wasa ba ce. Wanda ya ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 a Jos ba ya bukatar a yi masa bayani. Dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta ta 1959 ce, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka da danginta da ake ɗurawa ta baki, Kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da lasisinsu. Bindigar farauta ta zamani, Sufeto Janar. Libarba da fistol kuwa an jera su a sahun haramtattun makamai, tare da bindiga mai sarrafa kanta da gurneti, kuma ba mai ba da izinin mallakarsu sai Shugaban Ƙasa. Wanda aka kama da ita ba izini yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, kuma tsufanta ba ya zama hujja a gaban alƙali. Saboda haka tara irin waɗannan bindigogi sana'ar wasu ƙasashe ce, musamman Amurka. Abin da ya ja ni ga batun shi ne yadda mutanen can ke karanta ƙarfe, don ilimi ne da ya shafi kayanmu na gado fiye da yadda muke zato.

Maƙeranmu tun da can sun raba sana'arsu biyu, akwai maƙeran baƙi, akwai maƙeran fari. Bindiga, a mafi yawan tarihinta, kayan baƙi ce. Baƙin launin nan mai shuɗi-shuɗi da ake gani a jikinta tsatsa ce aka yi wa linzami: a tsoma ƙarfen cikin ruwan sinadari mai zafi har fatarsa ta rikiɗe ta zama baƙa, sannan a shafe da mai. Fatar nan siririya ce ƙwarai. Kube yana cinta a bakin bututu da gefen silinda, gumi yana cinta a wajen mariƙi, yatsa ma yana barin sawunsa. Wannan rauni shi ne ya zama ma'aunin masu tara tsofaffin bindigogi. Sukan dubi yawan launin asali da ya rage, su ce wannan kashi 98 ce cikin 100, waccan 95, waccan 80, kuma kuɗin yana bin lissafin. Baƙar bindiga ba ta iya ƙaryar shekaru. Duk inda ta shiga an rubuta a fatarta.

Ƙarfe mara tsatsa shi ya zo ya rikita wannan lissafi. Abin mamaki, asalinsa ma daga bindiga ya fito. A birnin Shefil na Ingila, wani masanin ƙarfe mai suna Harry Brearley yana neman haɗin da zai hana cikin bututun bindiga zaizayewa saboda zafi. A watan Agustan 1913 ya narka ƙarfe da ke ɗauke da kuromiyam kusan kashi 13 cikin 100, sai ya lura ruwan asid ba ya cinsa yadda yake cin sauran. Maƙeran wuƙaƙe na garin ne suka fara cin moriyar abin. Sirrinsa kuwa shi ne, da zarar kuromiyam ya kai kashi 10 da rabi, yakan haɗu da iska ya yi wata fata da ido ba ya gani, wadda ko an karce ta sai ta sake rufewa da kanta. Daga nan wuƙa da cokali da tukunya suka samu lafiya. Bindigar hannu kuwa sai da ta jira shekara 52.

Dalilin jinkirin yana da amfani ga mai kimantawa. Ƙarfen nan iri-iri ne. Wanda ake kwanon silba mai kyau da tukunya da shi yana da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, ba ya tsatsa da sauƙi, mayen ƙarfe ba ya kama shi sosai, amma ba a iya ƙara masa tauri da wuta. Bindiga tana bukatar wanda za a gasa ya yi tauri ya jure bugun albarushi, shi kuwa kuromiyam ɗinsa kashi 12 zuwa 13 ne kawai. Mayen ƙarfe yana kama shi, kuma in aka matsa masa da gishiri da laima, yana tsatsa. Ga shi da cin bakin injin yanka. Ga wata halayya mai ban haushi: in guda biyu masu tauri ɗaya suka riƙa gugar juna, sai su fara yagar fatar juna suna liƙewa. Shi ya sa, bayan gwajin farko, kamfanin Smith & Wesson ya koma rufe kunama da gudumar bindigoginsa, wato ƙarfen da ke dukan gindin harsashi, da wani siririn kuromiyam mai dushi-dushi. Wanda bai sani ba zai ga launinsu ya bambanta da na jiki ya ce an canza su, alhali haka suka fito.

Kamfanin nan na garin Springfield a jihar Masachusets shi ya buɗe fagen a 1965 da Model 60, 'yar ƙarama mai cin harsashi biyar na .38 Special, libarba ta farko da aka ƙera da yawa da ƙarfe mara tsatsa gaba ɗaya. Ta zo a kan gaɓa, lokacin da sojojin Amurka ke fama da laima da gumi a dazukan Biyetnam, har ta yi wuyar samu a kanti. Daga nan kamfanin ya riƙa ɗauko tsofaffin samfuransa na baƙi yana yi musu tagwaye na fari, lambarsu tana farawa da 6. A farkon shekarun 1970 aka samu 64 da 66, a ƙarshensu 629 mai cin .44 Magnum, sai 686 a farkon shekarun 1980. Kamfanin Ruger ya fito da Security-Six a 1972, ya yi mata tagwaye na fari a 1975. Kamfanin Colt, mai alfahari da baƙin launinsa da ba a kai shi kyau ba, ya daɗe yana jan ƙafa. Libarbarsa mai suna Python, wadda ya fara yi tun 1955, ba ta samu tagwayenta na fari ba sai 1983.

Zamanin bai yi tsawo ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 'yan sandan Amurka suka fara ajiye libarba suna komawa fistol mai cin harsashi 15 ko 17, irin su Glock ta Ostiriya. Dubban bindigogin da suka yi shekaru a ƙugun jami'ai suka kwararo kasuwa da araha. Yau ga shi sun zama kayan tarihi. A ƙa'idar Amurka, bindigar da ta cika shekara 50 tana shiga rukunin kayan da masu tarawa ke da lasisi na musamman a kansu, don haka Model 60 ta farko ta shiga wannan sahu a 2015, kuma kowace shekara wasu na bin bayanta.

To a nan matsalar take. Launin farar bindiga ɗaya ne daga fata har ɓargo. In ta karce, soson goge da ɗan man shafi sun isa su ɓatar da tabon cikin rabin sa'a. Libarbar da ta yi shekara 15 a kube, ta ci harsashi dubbai, za a iya fito da ita tana ƙyalli fiye da ranar da ta bar masana'anta. Kowa a nan ya san motar Kwatano da aka mayar wa mita baya aka wanke injin da kananzir. Abin da dillalin mota mai wayo yake yi, ya ƙyale mitar ya dubi robar feda da kujerar direba, shi mai kimanta bindiga yake yi. Ba ya tambayar nawa ya rage na launi. Tambayarsa ita ce, ina ne mai gogewa ba zai iya kaiwa ba, kuma me gogewar da kanta ta ɓata?

Abu na farko shi ne wanda dattijon nan ya gani. Ana buga rubutu a jikin bindiga da ƙarfi, har gefen kowane harafi ya ɗan taso. Injin goge yana share wannan tasowa, ya bar haruffa sun kwanta, wani gefen tambarin kamfani ya fi wani zurfi. Kusurwoyin da ya kamata su yi kaifi sai su zama kamar sabulun da aka fara wanka da shi. Bakin ramin sukuru yakan lotsa kamar ƙaramin akushi. A Smith & Wesson da Colt akwai wani murfi a gefen firam, wato gangar jikin bindigar, wanda aka goge shi tare da jikin a masana'anta, har layin da ke tsakaninsu ya zama kamar silin gashi. In aka ga layin ya buɗe ko gefensa ya lanƙwashe, an goge murfin shi kaɗai, ko wani ya ɓamɓare shi da sukundireba. Kan sukurun kansa shaida ne. In tsagarsa ta tauye, hannun da bai iya ba ya shiga ciki. Sannan asalin farar Smith & Wesson ba madubi ba ce, tana da wasu siraran zare-zare da buroshin masana'anta ya bari, saman bututun kuma a dushe yake don kada rana ta kashe wa mai harbi ido. Akwai 'yan kaɗan da suka fito da ƙyallin madubi tun asali, kamar Model 60 na farko-farko da wani nau'in Python, kuma su ne suka sa masu gyaran gangar auzinawa ke samun abin fakewa.

Na biyu, a cire katakon mariƙi a leƙa ƙarƙashi. Wurin nan ne gumi ke taruwa ya kwana, gishirinsa ya huda fatar kuromiyam ya bar ƙananan ramuka baƙaƙe kamar zanzana. Duk wanda ya taɓa barin cokalin silba cikin miya mai gishiri a daminar Agusta ta Jos ya san irin tabon. Ba ya goguwa, don ƙarfen ne ya tafi. A cikin katakon ma akwai labari: a tsofaffin samfura da yawa an buga lambar bindigar a bayan katakon dama, saboda an fere shi ne daidai da jikinta ita kaɗai. In lambar ta dace da wadda ke gindin firam, to mariƙin asali ne. Jami'ai da dama sun yar da katakon sun sa na roba don daɗin riƙo, shi ya sa yau katakon asali shi kaɗai yake da kasuwarsa.

Inda aikin ya fi daɗi a wurina shi ne cikin injin, don libarba 'yar'uwar agogo ce. Bayan an tabbatar ba harsashi a ciki, mai kimantawa yakan ja gudumar baya a hankali, a hankali ƙwarai, yana saurare. A ciki akwai wani ɗan yatsan ƙarfe da ke tura haƙoran silinda ta juya, akwai kuma 'yar sakata a ƙasa da ke faɗawa cikin tsaga ta kulle ta. Dole sakatar ta faɗa, a ji ƙas, kafin guduma ta kai ƙarshen tafiyarta, kuma dole hakan ta faru a kowane rami, biyar ko shida. In a rami ɗaya guduma ta riga sakata isa, ma'anarsa harsashi zai iya tashi alhali bai daidaita da bututu ba. Wanda ya ja da sauri ba zai gane ba, don nauyin silinda zai ƙarasa juyin ya rufe aibin. Dillali mai son zuciya shi ya sa yake nuna kayansa da hanzari.

A nan ma kowane gida da al'adarsa, kuma rashin sanin wannan yana sa a yi wa lafiyayyen kaya ƙazafi. Silindar Colt tana juyawa ta dama, ta Smith & Wesson ta hagu. Python ta tsohon ƙira, in aka ja kunama aka riƙe, silindarta tana ƙamewa kamar an yi mata walda, ko motsi ba ta yi. In ta yi motsi, ta gaji. Smith & Wesson da Ruger kuwa an bar musu ɗan wasa da gangan. Injin Python da hannu aka daidaita shi, gwani yana zaune da zarto da dutsen wasi, shi ya ba ta santsin da ake yabo, shi ne kuma ya sa in ta ɓaci masu gyaranta ba su da yawa. Ruger ya bi wata hanya dabam, ya zuba firam ɗinsa a mazubi, ba murfin gefe, ya yi kauri ya yi ƙarfi. An ƙera dangin Security-Six kusan miliyan ɗaya da rabi kafin a daina a 1988, kuma saboda ba sa mutuwa, ba su yi tsada ba. Ƙarko a kasuwar kayan tarihi ba kullum yake zama riba ba.

Sai a ɗaga bindigar a hasken taga a dubi ratar da ke tsakanin fuskar silinda da gindin bututu. Lafiyayyiya ba ta wuce kaurin takarda ɗaya zuwa biyu ba, wajen 0.004 zuwa 0.008 na inci, kuma ana auna ta da siraran ƙarafan nan da makanikai ke saita bawul da su. A tura silinda gaba a ja ta baya. In tana kai-komo da yawa, bugun harsashi mai ƙarfi ya miƙar da wani abu. Ta wannan rata wuta ke fita duk harbi, tana dukan gadar firam da ke sama, har ta yanka mata wani siririn layi. Baƙin hayaƙin fuskar silinda yana goguwa, amma wannan yanka ba ya komawa. Shi ne robar fedar libarba.

Wuri na ƙarshe, kuma mafi tsada in ya lalace, shi ne maƙogwaron bututu, inda harsashi ke shiga bayan ya bar silinda. Model 66 an gina ta ne a kan matsakaicin firam da asalinsa na .38 ne, aka ɗora mata .357 Magnum, harsashin da ya fito tun 1935. Don silinda ta samu wurin rufuwa sai aka shafe ƙasan maƙogwaron, ya zama nan ne ya fi siranta. Tunanin farko shi ne jami'i zai yi atisaye da .38, ya ɗauki Magnum don ranar tsiya kawai. Da hukumomi suka koma atisaye da abin da ake ɗauka a bakin aiki, musamman wani harsashi mara nauyi mai zafin gudu da ya yi tashe a shekarun 1970, sai aka fara ganin tsagewa daidai wurin nan. Wannan ne ya haifi 686 mai firam mafi kauri. Duk mai duba 66 da bai haska fitila a ƙasan maƙogwaro ba, kallon kitse yake yi wa rogo.

Duk wannan lafiyar jiki ce. Kuɗi kuwa wani lokaci yana bin abin da ba ya ƙara wa bindiga komai a wajen aiki. In aka buɗe silinda, a jikin firam za a ga lambar samfuri, wani lokaci da ɗan jan layi da wata lamba a gaba: 66, 66-1, 66-2. Kowace lamba canji ce da injiniyoyi suka yi. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne na 1982. Kafin shekarar, ana soke gindin bututu da wata 'yar ƙusa ta ratsa firam, kuma a samfuran Magnum ana fafe bakin kowane rami don gindin harsashi ya nutse. Kamfanin ya daina duka biyun don rage kuɗin aiki. Bindigar ba ta rasa ƙarfi ba, gaskiya ke nan, amma masu tarawa sun ɗauki shekarar a matsayin iyaka tsakanin zamanin hannu da zamanin lissafin akanta. Saboda 629 ta fito dab da wannan iyaka, 'yan shekaru kaɗan aka yi ana ƙera ta da ƙusa da fafe, don haka ake rububinta. Haka 66 ta farko-farko mai farin saiti, wanda aka mayar baƙi da aka ga yana ɗaukar rana: kuskuren da aka gyara shi ya zama abin nema. Iyaka ta biyu ta zo a ƙarshen shekarun 1990 da aka koma yin ƙananan sassa da garin ƙarfe a mazubi, sannan a 2001 aka huda gefen firam aka sa makulli. Har yau akwai masu kallon wannan huda kamar tabon kuturta.

Wasu alamomin tarihi ne tsantsa. Ruger ya buga wa duk bindigar da ya ƙera a 1976 rubutun cikar Amurka shekara 200 da 'yanci, daga wajen 1978 kuma ya fara buga doguwar gargaɗi a jikin bututu, don haka bututu mara gargaɗi yana faɗin shekarunsa da kansa. A 1987 Smith & Wesson ya nemi a mayar masa da 686 na farko da 'yan'uwanta don gyara wata matsala da ke iya sa silinda ta cije, kuma duk wadda aka gyara an buga mata harafin M kusa da lambar samfuri. Nan masu tarawa suka rabu biyu, wasu na son mai M don ta fi aminci, wasu na son wadda ba a taɓa ba. Ni dai a ganina wannan gardama ta nuna inda sha'awa ke rabuwa da hankali, amma ba kuɗina ba ne.

Sai kwalin nan da ya ba ni kunya a Gangare. Kwali na asali yana da takarda a gefe mai ɗauke da lambar bindigar, da tsawon bututu, da irin gamawar da aka yi mata. In lambar ta dace, ga takardar mai da aka naɗe ta, ga ɗan littafin bayani da sandar wanke bututu, to an samu shaidar da soso ba ya iya ƙirƙira. Smith & Wesson da Colt duka suna da tsofaffin kundayen fitar da kaya, kuma ana biya a samu wasiƙa mai faɗin ranar da bindiga ta bar masana'anta, da inda aka aika ta, da siffar da ta fita da ita. Wasiƙar nan ta sha tona asirin bututun da aka canza da ƙyallin da aka ƙara daga baya. A kasuwar farar bindiga takarda ta fi nauyi fiye da a kasuwar baƙa, don dalilin da muka faro da shi: tunda fatar ba ta ba da shaida, dole a nemo shaidu daga waje. Ko da Colt ya dawo da Python sabuwa a 2020, mai ƙarfi fiye da ta da, masu neman tsohuwar ba su fasa ba.

Mu a nan ba mu da libarbar tarawa, kuma ban ga dalilin da zai sa mu so hakan ba. Wadda ta kai a adana, gidan tarihi ne wurinta, irin na yaƙi da ke Umuahia. Amma gidajenmu cike suke da ƙarfe mai shekaru: takubba, masu, linzami da likkafa, tasoshin tagulla na Bida, bindigogin toka na 'yan bindigar sarakuna, har da fitilu da ma'aunan zamanin haƙar kuza da ake tsinta a Bukuru da Barikin Ladi. Garin Jos ne ke da gidan tarihin da aka buɗe tun 1952, wanda tushensa kawunan yumɓun Nok ne da aka tono a ramukan kuza, kuma dokar kayan tarihi ta 1979 ta ɗauki aikin hannun da aka yi kafin 1918 a matsayin abin da ba a fita da shi ƙasar waje sai da izini. Duk da haka abin da muke yi wa kayan gado in Sallah ta matso shi ne toka da lemun tsami da samfefa, wani ma har ya kai wa mai fenti. Wanda ya fi muni, ba mai rubuta komai. Tsoho ya rasu da sunan maƙerin da sunan wanda ya fara rataya takobin, jikoki su gaji ƙarfe tsirara, in talauci ya matsa a auna shi a kilo a Dilimi.

Ina cikin wannan bayani ne na lura yaron ya yi shiru. Can ya ce, "Kawu, takobin Kaka fa, wanda na goge bara da za a yi hawa?"

Dattijon ya ɗago kai daga agogon da yake tonawa. "Ɗana, akwai tambari a jikinsa, kusa da gindi?"

"Akwai wasu kamar jinjirin wata guda biyu, Baba, suna kallon gefe."

"Suna nan?"

Yaron ya sosa ƙeya. Ya ce ɗaya yana nan, shi ma sai an karkata takobin ga rana.